KAFIN KA ƘULLA DA MAI KAWO INJI

Kowace shekara in kaka ta yi, kuɗi suka ɗan shiga hannun jama'a, sai ka ga masu tallan injuna sun cika gari. Wannan ya zo da injin casar shinkafa, wancan da na matsar man gyaɗa, wani kuma da injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana. Ba wanda zai ce maka shi mai sayarwa ne. Kowa sai ya ce shi abokin aiki ne, ya zo a haɗa kai a ciyar da sana'a gaba. Daga nan Tudun Wada har Sabon Gari ba ka rasa ɗan kasuwa, ko akawun da ya karɓi kuɗin sallama, ko ƙungiyar manoma, waɗanda ke shawarar zuba dukiyarsu cikin irin wannan harka. Abu ne mai kyau, ba na hana kowa. Gara mu matse gyaɗarmu da kanmu da mu sayar da ita tsaba mu sayo mai a kwalba.

Amma da yake aikina na malamin gona ya sa ana yawan tambayata wane inji ya fi ƙarko, ina so in ce akwai tambayar da ta riga wannan, watau wane irin mutum ne, ko wane irin kamfani, ya kawo injin. Ni ma'aunina ɗaya ne. Ka tambayi kanka: ran da mutumin nan ya naɗe tabarmarsa ya tafi, aikin zai ci gaba ko zai tsaya? Ƙasar nan tamu ta Arewa ta yi fiye da shekara ɗari tana gwada abokan aiki iri iri, ba mu da dalilin yin cinikin biri a sama.

Bari mu fara da Mokwa. A 1949 Gwamnati ta haɗa kai da wani kamfanin raya ƙasashe na Ingila, aka buɗe babban gandu a ƙasar Nufawa. Aka kawo motocin noma, aka sare daji, aka zaunar da manoma, kowanne aka yanka masa eka 24. Sharaɗin shi ne kamfani zai yi kaftu da mota, in amfani ya zo a raba uku, kamfani ya ɗauki biyu manomi ɗaya. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Amma kowane manomi da ke karanta wannan fili ya riga ya hango inda matsala take. Mota ta buɗe eka 24, to wa zai yi noman firi da maimai? Wa zai cire gyaɗar? Mutum ɗaya ne da iyalinsa da fartanya. Ciyawa ta ci ƙarfinsu, kashi ɗaya cikin ukun da aka ba su bai kai ladan wahalarsu ba, mutane suka riƙa sulalewa. A 1954 kamfanin ya janye. Waɗanda suka tsara abin ba jahilai ba ne, masu ilmi ne, kuma da kuɗi a hannunsu. Abin da suka rasa shi ne su zauna da manomi su ƙidaya ranakun aikinsa tun daga shuka har girbi. Sun sauƙaƙe aiki ɗaya, sun ninka nauyin sauran.

To, gwada wannan da garmar shanu. A 1928 aka fara abin da ake kira noma da kiwo, da manoma uku kacal. Ba a yi gaggawa ba. Mutum zai sami rancen bijimai biyu da garma daga baitulmalin En'e, a koya masa horar da su, malamin gona ya riƙa zagayowa yana dubawa, shi kuma ya riƙa biya kaɗan kaɗan bayan girbi. Garmar da ta karɓu, wadda ake kira Emcot, huɗa take yi, watau abin da manominmu ya saba yi da hannu tun kaka da kakanni. Ba ta ce masa ya sake tsarin gonarsa ba. Bijimin yana cin harawa da karan da gonar ta bayar, yana mayar mata da taki, in ya tsufa a sayar da shi da riba a sayi ƙarami. Kafin shekarun 1960 su ƙare masu garmar shanu sun kai dubbai masu yawa. Da fari daga Ingila ake kawo ta, daga baya kamfanin John Holt ya shiga ƙera ta a nan Zariya. Amma abin da ya fi wannan duka, maƙeranmu sun ƙwace sana'ar. Yau in bakin garma ya cinye, ba ka rubuta wa kowa wasiƙa. Ka kai wa maƙerin ƙauye ran kasuwa, ya sare maka sabo daga ƙarfen tsohuwar mota, da azahar ka koma gona. Turawan da suka kawo ta sun tafi, En'e ta tafi, garma tana nan tana aiki daga Giwa har Soba.

Na tsaya a kan garmar nan ne domin duk halayen da nake nema ga abokin aiki suna cikin labarinta. Ya fara da kaɗan ya ga yadda abin zai kasance. Ya dubi abin da mutane suka riga suka iya ya ɗora a kai. Ya sa biya ya bi lokacin da kuɗi ke shigowa. Sa'an nan bai riƙe sirrin gyara a aljihunsa ba. Wannan na ƙarshen shi ne inda masu kawo injuna na zamanin nan suka fi faɗuwa. Ku zagaya bayan sakatariyar ƙananan hukumomi ku ga taraktocin da ke kwance, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Da yawansu ba wani babban abu ya kashe su ba, wani ɗan ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba, wanda ba a samunsa a Kano ko Kaduna, shi kuwa wanda ya ci kwangilar kawo su ya daɗe da sake lambar waya.

Akwai kuma wani abu da 'yan kasuwa ke mantawa, wanda mu malaman gona ba ma mantawa da shi domin shi ne abincinmu. Inji ciki gare shi, kuma gona ce ke cika shi. Labarin auduga ya ishe mu misali. Ƙungiyar masu neman auduga ta Ingila, wadda aka kafa a Manchester a 1902, ta sa rai ƙwarai in jirgin ƙasa ya isa Kano auduga za ta yi ta kwarara zuwa masaƙunsu. Jirgi ya isa a 1911, sai manoman Kano suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi, ga shi kuma masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da yadda Bature ke saye. Sai gyaɗa ta cika tashar jirgi. A ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da wajen Gusau ne auduga ta kafu, kuma ba ta kafu ba sai da aka yi wa gona hidima. Aka kawo irin Allen a 1912, masu bincike a Samaru suka yi ta tace shi, aka riƙa yawaita shi a gandun Daudawa, gidajen gurza na Zariya da Funtua suka riƙa mayar wa manoma angurya kyauta, iri ɗaya tak a ƙasa guda, domin kada ya gauraya.

A kan wannan harsashi aka gina masaƙar Kaduna. A 1957, zamanin Sardauna, aka buɗe ta a Kakuri, haɗin gwiwa tsakanin Gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na ƙasar Lancashire. A ganina wannan haɗi ya yi kyau ta fuskoki biyu. Baƙin sun zuba nasu kuɗin a ciki, saboda haka in an yi hasara da su za a yi. Sa'an nan kayan da aka fara saƙawa akoko ne, abin da talaka ke saye kullum, da audugar da ake nomawa a bayan gida. Wasu masaƙu suka biyo baya, na Japanawa da na 'yan Hong Kong, Kaduna ta zama garin masaƙu, dubban mutane suna cin abinci. Amma a 1986 aka rushe hukumar cinikin auduga, ba a kafa wani abin da zai ɗauki nauyin iri da rarraba daraja ba. Iri ya gauraya. Aka shiga zuba auduga cikin buhunan leda, zaren ledar ya riƙa shiga cikinta yana ɓata rini. Ga injuna sun tsufa, ga wutar lantarki ba tabbas, ga yadin waje mai araha yana shigowa ta ɓarauniyar hanya. A 2002 masaƙar ta rufe. Dalilan da yawa, ba zan ɗora wa abu ɗaya ba, amma ran da aka yanke igiyar da ta haɗa masaƙa da gona, ran nan ciwon ya kama.

Ko a kwanan nan an sake ganin haka. A 2016 aka buɗe kamfanin tumatirin gwangwani na Ɗangote a Kadawa, wanda aka gina domin ya riƙa cin tan 1,200 kowace rana. A shekarar nan tsutsar da manoma ke kira sharon ta faɗa wa tumatir a Kano da Kaduna, injin ya rasa abin ci, aka tsaya. In abin ya sami mai kuɗi irin wannan, ina ga kai mai injin casa ɗaya a bakin hanyar Jos? Saboda haka in mai kawo inji ya zauna da kai awa guda bai tambaye ka inda za ka sami shanshera ba, da wata nawa za ka same ta a shekara, da irin da manoman wajenku ke shukawa, to sayarwa kaɗai ta kawo shi. Na kirki shi ne wanda zai iya ce maka, "Wannan ya fi ƙarfin kayan da za ka samu, ɗauki ƙaramin," ko da yake ribarsa ta fi yawa a babban.

Kada a ce sai a zamanin da ake samun abokan kirki. Ga buhun ajiyar wake mai ruɓi uku, wanda ake kira PICS, yawancinku kun san shi. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka yi aikin tare da 'yan'uwansu na Marwa a arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi sosai a 2007. Dabarar ba ta da wuya. Ledoji biyu masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, a sa su cikin buhu, a ɗaure kowanne dabam. Ƙwarin da ke cikin waken su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu, ba a sa magani ko ɗigo ba. Amma yadda aka tafiyar da abin shi ya sa na kawo shi nan. Ba a yi ta ɗinko buhunan a Amurka ana rabawa kyauta ba. An nemi mai yin leda a Kano, kamfanin Lela Agro, aka nuna masa kaurin da ake so, ya shiga yi yana sayarwa yana cin ribarsa. Sa'an nan aka bi ƙauyuka a nan da Jamhuriyar Nijar, a tara mutane, a zuba waken wani daga cikinsu a ɗaure a gabansu, bayan watanni a dawo a kwance a gaban kowa. Gani ya kori ji. Ba a ce wa kowa ya yarda da maganar Bature ko ta malamin gona ba, waken maƙwabcinsa ya gani da idonsa. Buhun yana da nasa aibi, ɓera na huda shi in ba a kula ba, akwai na jabu a kasuwa, wani lokaci kuma a neme shi a ƙauye a rasa daidai lokacin girbi. Duk da haka kuɗin aikin farko sun daɗe da ƙarewa, buhun kuwa ana sayensa.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, abokin aiki na gari ba ya tsoron gwaji. Wannan ya kai ni ga wani abu da na gani a wajen aikina. Wata ƙungiyar manoma ta tara kuɗi ta sayi injin casa daga wani kamfani da ba zan ambata ba. An kai shugabanninta wani ɗaki mai sanyi aka nuna musu injin yana aiki da shinkafar da kamfanin ya tanada, busasshiya, tsabtatacciya, iri ɗaya. Da aka kawo shi gida aka zuba tasu, wadda aka turara a tukunya aka shanya a bakin titi, iri uku a buhu ɗaya, ga tsakuwa, sai ya yi ta fitar da ita a kakkarye. Robar da ke ɓare ƙaiƙayin ta cinye cikin ɗan lokaci, aka nemi wata aka rasa. Kuma sai a ran nan aka gane wutar da yake so mai layi uku ce, garin kuwa layi ɗaya gare su. Ba wanda ya yi musu ƙarya kai tsaye. Ba a dai tambaye su kome ba, su ma ba su san abin da za su tambaya ba. Injin yana nan an rufe shi da tamfol, bashin banki kuwa bai san an rufe shi ba.

Da sun ɗauki buhu biyu na shinkafarsu sun tafi da shi, sun ce a casa a gabansu, a auna abin da ya fita, a ware mai kyau da karyayya da dusa, da sun ga gaskiya tun kuɗinsu na aljihu. Shanshera tana son ta bushe har ruwan jikinta ya sauka wajen kashi 14 cikin 100 kafin a casa ta. Wanda ya san aikinsa zai gaya maka haka tun ba ka tambaya ba, ya nuna maka ɗan ma'aunin da ake gwadawa da shi, ya kuma ce ka fara sayen injin cire tsakuwa kafin ka yi zancen na goge shinkafa ta yi sheƙi.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce malam, duk wannan zance ne na mai albashi, mu araha muke nema, wanda zai koya wa yaranka, ya ajiye kayan gyara, ya dawo dubawa, ai sai ya ƙara kuɗi. Gaskiya ne, zai ƙara. Amma ku yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Injin matsar mai da ya tsaya mako uku a tsakiyar kaka, lokacin da gyaɗa ke araha, ya cinye bambancin kuɗin nan har ya nemi ƙari. Ba kuma ina cewa na waje ya fi na gida ba ne, ko na gida ya fi na waje. Akwai masu walda a Sabon Gari da ke ƙera injin sussukar masara da na ɓarar gyaɗa, aikin wasunsu ba shi da kyan gani, ƙarfen wani ma sirara ne ƙwarai, sai an duba. Amma in ya lalace ka san ƙofar shagonsa, shi ma ya san in ya cuce ka gari zai ji. Wannan kusanci dukiya ce, a sa ta cikin lissafi. Na ƙasar Sin ko na Indiya ma ba laifi, muddin akwai mai sayar da kayan gyaransa a Kano, ka kuma je ka gan su a kan kanta da idonka.

A nan ina da ƙorafi a kanmu duka, mu mutanen Zariya. Tun 1922 ake binciken aikin gona a Samaru, a 1962 wurin ya shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Daga nan irin gyaɗa da dawa da masara da wake masu suna da "Sam" a gaba suke fitowa, har da waken nan SAMPEA 20-T mai jure tsutsar fure da aka fitar a 2019. Akwai kuma sashen da ke ƙera ƙananan injunan gona yana gwada su. Daga Tudun Wada kuɗin mota kaɗan ne. Amma ɗan kasuwarmu ya gwammace ya aika da miliyoyi ƙasar da bai taɓa gani ba, da ya je ya ce wa injiniya zo ka duba mini wannan kafin in biya. Su ma masu binciken ya kamata su riƙa fitowa kasuwa da kayansu fiye da yadda suke yi. Injin da aka ƙera guda ɗaya aka ajiye don baƙi su gani bai taimaki kowa ba, sai ran da aka miƙa zanensa ga mai walda, aka tsaya a kansa har ya iya fitar da goma masu kama da juna.

Kai ma mai sana'a akwai naka. Kayan aro ba ya rufe katara, ilmin aro ma haka. In za a kafa injin, ka ware yara biyu masu hankali su tsaya tun daga kwance akwati har ɗaure ƙusa ta ƙarshe, kada ka ba ɗaya kaɗai, domin ran da ya yi fushi ya tafi ka koma gidan jiya. Ka biya su yadda ba za su yi sha'awar tafiya ba. Ka sa akawu ya buɗe littafi, kowace rana a rubuta abin da aka zuba, abin da ya fita, man da aka sha, da awa nawa injin ya yi. Abokin aikin kirki zai nemi ganin littafin nan in ya zo, kuma da shi za ka kama shi in alkawarinsa bai cika ba.

Sa'an nan a rubuta yarjejeniya, ko da mutumin ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. A sa buhu nawa injin zai yi a awa da kayanka, ba da nasa ba. A sa sunayen sassan da ke saurin cinyewa, bel da rariya da roba, da inda ake samunsu, a kuma haɗo maka da na canji tun farko. A sa kwana nawa zai yi kafin ya turo bakanike in ka kira. Takardar bayanin injin a ba ka ita cikin harshen da yaranka za su iya karantawa, in ta Sinanci ce kaɗai a nemi mai fassara kafin a sauke kaya. Kada ka biya duka a tashi ɗaya. Ka riƙe wani kaso sai injin ya yi kaka guda cur yana aiki a wurinka, wanda ya amince da kayansa ba zai ƙi wannan ba. Waɗanda ke da niyyar saye bana, su nemi wani da ya sayi irinsa shekara biyu ko uku da suka wuce, su je ba tare da mai sayarwa ba, su tambayi yaron da ke kunna shi.

Malamin Gona,
Tudun Wada, Zariya.